Yadda za ka fitar da hoton AV daga ZX Spectrum 48K ba tare da ka kashe ta ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu tsohuwar kwamfuta ZX Spectrum 48K, mai maɓallan roba, a cikin kayan gwanjo da aka shigo da su daga Ingila. A bayanta akwai rami ɗaya da aka rubuta TV. Na jona shi da ramin rawaya na filasmata, ban ga komai ba. Na koma ramin eriya na sa talabijin ya nemi tasha da kansa, nan ma shiru. Ta mutu ne, ko akwai dabarar da zan samu hoton AV daga cikinta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin yanke mata hukunci, domin ko lafiyarta ƙalau abin da za ka gani ke nan. Ramin nan da aka rubuta TV kamarsa ɗaya da ramin AV, wato ramin rawayan nan na talabijin, wayar ma tana shiga daram, amma abin da ke fitowa daga cikinsa ba hoton AV ba ne. Siginar eriya ce, a kan tasha ta 36 ta zangon UHF. Ramin rawaya bai san abin da zai yi da ita ba. Shi kuma sashen neman tasha na talabijin na zamani sau da yawa yakan tsallake ta, don tana da rauni kuma ba ta zama daidai wurin da yake tsammaninta.

Dalilin da ya sa aka yi ta haka yana da sauƙin ganewa. Kamfanin Sinclair Research na Clive Sinclair ya fitar da Spectrum a watan Afrilun 1982, mai 16K a kan fam 125, mai 48K a kan fam 175. An yi ta ne don a jona ta da talabijin ɗin falo, kuma talabijin ɗin gidajen Ingila na wancan lokacin mafi yawansu ƙofa ɗaya gare su, ta eriya. Shi ya sa aka saka mata wani ɗan gwangwanin ƙarfe a ciki, modileta, yawanci samfurin UM1233 na kamfanin Astec. Aikinsa ya karɓi hoton da kwamfutar ta riga ta gama haɗawa, ya ɗora shi a kan igiyar rediyo, talabijin ya kama ya sake sauke shi. Kamar kai da maƙwabcinka ne katanga ɗaya ta raba ku, amma duk saƙon da za ka ba shi sai ka kai tasha an sa a mota. A kowane mataki hoton yana ƙara dushewa.

Abin da za ka riƙe shi ne hoton AV ɗin da kake nema yana nan a cikin kwamfutar tun ranar da aka ƙera ta. Babbar IC (baƙar ƙwayar lantarki mai ƙafafu da yawa) mai suna ULA, wadda kamfanin Ferranti ya yi wa Sinclair, ita ke fitar da hasken hoto tare da bugun da ke gaya wa talabijin inda layi ya fara da inda shafi ya ƙare, sannan ta fitar da siginar launi guda biyu daban. Wata IC, LM1889, takan ɗora launin a kan 4.43 MHz na PAL, wato tsarin launin talabijin na Ingila. Taransista biyu, TR1 da TR2, su haɗa hasken da launin wuri ɗaya. Abin da ya fito daga nan cikakkiyar siginar kwamfozit ce, irin wadda ramin rawaya yake ci, kuma wata 'yar siririyar waya ce ke ɗaukarta zuwa cikin gwangwanin. Aikinka duka shi ne ka tare ta a bakin gwangwanin ka miƙa ta kai tsaye zuwa soket. Aikin rabin awa ne ga wanda hannunsa ya saba da ƙarfen narka dalma.

Sai dai ni ba na barin kowa ya fara daga nan. A irin waɗannan na'urori da suka haura shekara 40, rashin hoto sau da yawa matsalar wuta ce, kuma wanda ya yanke wayoyi kafin ya auna wuta zai rasa gane ko aikinsa ne ya ɓaci ko dama can a mace take.

Fara da adafta. Ba ka faɗi wadda ka yi amfani da ita ba, kuma wannan ya fi komai tayar min da hankali a tambayarka. Spectrum tana cin bolt 9, amma tsakiyar fulogin nata negetif ne, gefen waje fozitif. Kusan duk adaftar da za ka ɗauka a kasuwa yau, ta dikoda ce ko ta na'urar intanet, akasin haka take. Kwamfutar ba ta da abin da zai kare ta idan aka juya mata wuta, ba ta ma da makunni: kana soka fulogi ta tashi. Don haka ɗauki mita ka auna bakin adaftar kafin ta sake taɓa kwamfutar. Adaftar Sinclair ta asali takan ba da amfiya 1.4, kuma idan ka auna ta babu kaya a kanta za ka ga ta haura bolt 9 sosai. Haka aka yi ta, ba lalacewa ba ce. Idan sabuwa za ka saya, nemi bolt 9 mai amfiya ɗaya da rabi ko sama, ka juya wayoyinta idan ta kama. Kuma ka bi da ita ta sitabilaiza, ka san halin wutarmu.

Idan wutar daidai take, kunna ta ka kara kunne. Danna maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyar Spectrum tana yin wani ɗan ƙas-ƙas daga ƙaramar lasifikar cikinta duk lokacin da ta karɓi maɓalli. Idan ka ji shi, to alama ce Z80 ɗinta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ma'ajiyarta ta ROM da RAM sun tashi, hoto ne ya rage. Idan ba ka ji ba, kada ka karaya tukuna, domin ledar da ke ƙarƙashin maɓallan ita ce ta fi komai saurin mutuwa. Za ka kuma iya shiga wurin neman tasha da hannu a talabijin ɗinka, idan yana da ɓangaren analog, ka kai shi kusa da 591.25 MHz ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan sama da ƙasa. Ga wanda ba ya son taɓa cikin kwamfutar ko kaɗan akwai hanya ta uku: tsohuwar bidiyo mai kaset. Ka sa Spectrum a ramin eriyarta, ka kama tasha ta 36 a kanta, ka ɗauki AV daga bayanta. Yana aiki, amma hoton bai fi na eriya kyau ba, tunda ta can ya biyo.

Yanzu buɗewa. Cire wuta, kifa ta a kan tawul, kwance sukurori biyar na ƙasa, sannan ka mayar da ita daidai ka ɗaga murfin a hankali kamar faɗin yatsu uku. Kada ka fizge. Za ka ga falle biyu na leda sun sauko daga murfin sun shige soket biyu a kan fanel, wato faifan da kayan lantarkin ke zaune a kai, ɗaya mai layi 5, ɗaya mai layi 8. Ledar nan ta bushe, lanƙwasa ɗaya mai ƙarfi za ta tsage. Kama kowace da yatsu biyu dab da bakin soket ka zaro ta a miƙe zuwa sama. Idan ta tsage duk da haka, har yanzu ana ƙera sababbi, kuma kwamfutar tana tashi ko babu maɓallai a jone, don haka ajiye murfin gefe ka ci gaba. Idan lokacin hunturu kake wannan aiki, sa'ad da mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi, to ka taɓa wani ƙarfe mai haɗe da ƙasa kafin ka sa hannu a fanel. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe ULA, ita kuwa an daina yin ta da daɗewa.

Duba gefen fanel za ka ga an rubuta Issue da lamba. Rubuta lambar, za ta yi maka amfani nan gaba. Sannan ka nemi jerin ƙananan IC guda takwas masu lamba 4116, daga IC6 zuwa IC13. Su ne 16K na farko na RAM, kuma a cikinsu hoton allo yake zaune. Wuta kala uku suke ci: bolt 5 negetif a ƙafa ta 1, bolt 12 a ƙafa ta 8, bolt 5 a ƙafa ta 9, ƙafa ta 16 kuma giraun, wato layin bolt sifili da ake auna sauran da shi. Ɗora baƙar wayar mita a jikin gwangwanin modileta, ka kunna na ɗan lokaci, ka auna ƙafafun nan uku ba tare da bakin mitar ya zame ya haɗa ƙafa biyu ba. Bolt 5 daga regileta 7805 yake zuwa, wadda ke manne da faffaɗan ƙarfen nan mai zafi. Sauran biyun kuwa wani ɗan da'ira ne ke ƙirƙiro su, mai naɗin waya da taransista TR4 da TR5, kuma TR4 ta yi suna wajen ƙonewa. Idan babu bolt 5 negetif, cire wuta nan take, domin 4116 ba sa jure zama da bolt 12 babu shi. Sai an gyara wannan kafin a yi maganar hoto.

Idan duka ukun sun fito, to mu je ga gwangwanin. Yana kusurwar hagu ta baya idan ka fuskanci kwamfutar yadda ake zama a gabanta. Wayoyi biyu tsirara ne suka taso daga fanel suka shige gefensa. Ɗaya wutar da yake ci ce, ɗaya hoton. Kada ka dogara da wanda ya ce maka ta gaba ce ko ta baya ce, auna. Wadda ta tsaya cak a bolt 5 ita ce wuta. Ɗayar za ta nuna ƙasa da haka, ita ce hoton. Yi mata alama da maka, ka cire wuta.

Murfin gwangwanin matse shi kawai aka yi, da bakin sukundireba za ka ɓalle shi. A ciki za ka ga bayan soket ɗin TV, da wata rezista da aka liƙa a ƙafarsa ta tsakiya. Narka dalmar ka ɗage ƙafar rezistar, ka lanƙwasa ta gefe yadda ba za ta taɓa komai ba. Daga nan ka cire wayoyin nan biyu daga fanel. Na fi son a narka dalmarsu a zare su maimakon a datse da filaya, a sa musu ɗan bututun roba a kwantar da su a gefen gwangwanin. Dalili kuwa, na'urar nan ta zama kayan tarihi, kuma duk abin da za a iya mayarwa yadda yake gara a bar ƙofar mayarwar a buɗe. Wasu sukan ƙwaƙule duk abin da ke cikin gwangwanin su zubar don su samu fili. Ban ga amfanin haka ba. Cire wayar wutar kuwa dole ne, don idan ka bar modiletar tana aiki za ta riƙa watsa ƙura a cikin hotonka.

Abin da ya rage shi ne haɗa ramin fanel da wayar hoto ta fito daga ciki da ƙafar tsakiyar soket. A nan ake sa kafasita mai 100µF, ta bolt 16 ta wadatar. Ƙafarta ta fozitif, wato doguwar, tana wajen fanel. Ta negetif, mai farin zane a jiki, tana wajen soket. Ƙafar da za ta ratsa bangon gwangwanin ka sa mata riga ta roba tun daga tushe, ka bi da ita ta ramin da tsohuwar waya ta bi. Jikin gwangwanin giraun ne, idan ƙafar ta goge shi hoton ya tafi. Gefen waje na soket ɗin dama a haɗe yake da gwangwanin, ba sai ka ƙara wata waya ba. Kafin ka kunna, auna tsakanin tsakiyar soket da jikinsa ka tabbata ba su haɗe ba.

Za ka ji masu cewa waya zalla ma ta isa, ba sai da kafasita ba. Gaskiya ne a kan talabijin da yawa hoto zai fito. Amma siginar da ke fitowa daga TR2 tana zaune ne a kan wata tsayayyiyar wuta, shi kuma ramin AV yana da rezista mai om 75 zuwa giraun a cikinsa. Idan ka haɗa su kai tsaye, wutar nan za ta riƙa kwarara ta cikin taransistar da ba a yi ta don wannan nauyin ba. Kafasitar tana tare tsayayyiyar wutar ta bar hoton ya wuce. Girmanta ma ba da ka aka zaɓa ba. Ita da om 75 ɗin nan suna yanke duk abin da ya yi ƙasa da wani mataki: da 100µF matakin yana wajen 21 Hz, ƙasa da 50 Hz da shafin hoto ke juyawa. Idan ka sa 10µF don ita ce a hannunka, matakin ya haura 200 Hz, sai ka ga saman allo da ƙasansa haskensu ya bambanta, wani lokacin hoton ya riƙa karkacewa. Idan 220µF ko 470µF ce ta samu kuma ta shiga wurin, ba laifi, ta ma fi.

Jona wayar rawaya, mayar da talabijin kan AV, soka wuta. Za ka ga tsakiyar allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, sannan komai ya koma fari da rubutu a can ƙasa: © 1982 Sinclair Research Ltd. Idan ka ga haka, aiki ya yi. Cire wuta ka mayar da ledar maɓallai, ka sake kunnawa, ka danna B. Kalmar BORDER za ta fito da kanta. Danna 2 sannan ENTER, gefen allo ya koma ja. Gwada 1 don shuɗi, 4 don kore, 6 don rawaya. Idan kuwa abin da ya fito tarkacen murabba'ai ne masu launi suna ƙyaftawa, ko ratsi-ratsi a tsaye da ba sa gushewa, to ka yi murna da rabi: gyaran AV ɗinka ya yi kyau, shi ne ma ya ba ka damar ganin cewa RAM ko wani abu a hanyarta yana da ciwo.

Matsalar da aka fi kawowa bayan wannan ita ce hoto ya fito amma da duhu, farin ya zama toka-toka. Ƙa'idar AV ita ce bolt 1 daga ƙasan sigina zuwa samanta a kan om 75, kashi 0.3 na bugun daidaita layi, 0.7 na hoto. An tsara fitar Spectrum ne don ta ciyar da modileta mai cin kaɗan, don haka idan om 75 ya hau kanta takan ɗan durƙusa. Wasu talabijin sukan gyara wannan da kansu, wasu ba sa yi. Maganinsa taransista guda ɗaya irin PNP, kamar BC557. Ƙafar bes ta karɓi hoton daga fanel, kolekta ta tafi jikin gwangwani, emita kuma ta bi ta rezista mai om 100 zuwa ramin bolt 5 ɗin da ka cire wa modileta. Daga emitar ne za ka ɗauki kafasitarka, fozitif a wajen emita, zuwa tsakiyar soket. Taransistar ba ta ƙara girman sigina, nauyin kawai take ɗauke wa TR2. Ka lura da ƙafafu: idan ka fuskanci shafaffen gefen BC557 ƙafafu na ƙasa, kolekta ce a hagu, bes a tsakiya, emita a dama, amma 2N3906 da mai shago zai iya miƙo maka a madadinta a juye take. Shawarata ka fara da kafasita kaɗai, sai ka ga duhun sannan ka ƙara wannan.

Sai matsalar hoto fari da baƙi. Kafin ka zargi kwamfutar, duba talabijin. Spectrum ta Ingila PAL take fitarwa, tsarin da Najeriya ma ta bi, don haka talabijin ɗin da aka yi don kasuwarmu ba shi da matsala da ita. Amma wanda aka shigo da shi daga Amurka tsarinsu na NTSC ya sani, zai iya ba ka fari da baƙi ko hoto mai gudu sama, ko ya ce babu sigina. 'Yan'uwa na Nijar kuma, inda aka yi amfani da wani tsarin launi mai suna SECAM, idan tsohon talabijin ne mai tsari ɗaya hoto zai tsaya amma babu launi. Shiga saitin AV ka sa tsarin launi a kan PAL da hannunka maimakon ka bar shi ya zaɓa. Idan ba daga nan ba ne, sake auna bolt 12, domin LM1889 da shi take aiki.

A nan lambar da ka rubuta za ta yi amfani. Fanel na Issue 1 da Issue 2 suna da abubuwan murɗawa guda huɗu: VR1 da VR2 na daidaita launi, TC1 na kiristal mai 14 MHz, TC2 na kiristal ɗin launi. Da tsufa sukan goce, sai farin allo ya koma ruwan ɗorawa ko shuɗi-shuɗi, ko launin ya ɓace gaba ɗaya. A bar kwamfutar ta yi ɗumi tukuna, a yi wa kowanne alamar inda yake da maka, a murɗa da abin roba ba ƙarfe ba, ɗaya a lokaci guda, kaɗan-kaɗan. TC2 ake taɓawa idan launi ya ƙi kamawa, VR1 da VR2 idan farin ne ya gurɓata. Mai murɗa huɗun a tare, garin neman gira zai rasa ido. Daga Issue 3 zuwa sama an cire su duka, babu abin murɗawa.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne. Tashar talabijin ta PAL tana aiko layi 625 a rabe gida biyu masu saƙa da juna. Spectrum ba ta yin wannan saƙar: layi 312 take aikowa, ta sake aiko 312 a daidai wurin, sau 50.08 a daƙiƙa. Tsohon talabijin mai ƙaton baya bai damu ba, abin da aka ba shi yake zanawa, kuma har gobe a kansa hoton Spectrum ya fi kyau. Filasma kuwa sai ta fassara siginar kafin ta nuna, kuma da yawa sukan ɗauka mai layi 625 ce. Sakamakon shi ne rubutu ya riƙa rawa sama da ƙasa, abin da ke ƙyaftawa ya yi dishi-dishi, ko allo ya ɗauke na daƙiƙa ɗaya ya dawo. Idan ka ga haka, gwada wani talabijin kafin ka sake ɗaukar ƙarfen dalma. Idan naka HDMI kawai gare shi, ƙananan akwatunan nan masu arha da ke mayar da AV zuwa HDMI suna fitar da hoto, amma da irin wannan kuskuren fassarar da ɗan jinkiri da mai wasa zai ji a hannunsa. Ka kuma karanta jikin kwalin da kyau, don akwai mai yin akasin haka, daga HDMI zuwa AV, kamarsu ɗaya. Na'urori irin RetroTINK an yi su ne musamman don wannan sigina, sai dai kuɗinsu zai iya fin abin da ka sayi kwamfutar.

Ko a kan talabijin mafi kyau, za ka ga wasu ƙananan ɗigo suna tafiya a gefen haruffa masu launi, musamman ja a kan shuɗi ko kore. Wannan daga ƙirar 48K ne. Kiristal mai 14 MHz da ke lissafa ɗigon hoto da mai 4.43 MHz na launi kowanne gashin kansa yake ci, ba a ɗaure su da juna ba, sai bambancinsu ya riƙa yawo a kan allo. Gyaran AV ba ya kawar da shi; hasali ma yanzu za ka fi ganinsa, tunda dushewar eriya da ke ɓoye shi ta tafi. Mai son rage shi sai ya raba haske da launi ya fitar da su ta waya biyu, wannan kuma wani aikin ne daban. Haka nan idan ka ga ɗan wasa ya shiga wuri launinsa ya shafi bangon da ke bayansa, ba lalacewa ba ce: allon ɗigo 256 ne a kwance, 192 a tsaye, kuma kowane murabba'i mai ɗigo 8 sau 8 launi biyu kawai yake iya ɗauka.

Abin da ke gyaruwa shi ne siraran ratsi a tsaye da ke bin farin allo, da igiyar ruwa da ke hawa a hankali. Waɗannan yawanci daga tsofaffin kafasitocin fanel ne da suka bushe, ko daga adafta mai datti. Canza su duka abu ne mai kyau a na'ura mai wannan shekaru. Ɗauki hoton fanel da wayarka kafin ka cire ko ɗaya, ka bi yadda tsohuwar take zaune, domin a Issue 2 alamar da aka buga a wurin C46 a juye take. Tunda ka riga ka buɗe, ka yi tunanin 7805 ma. Duk rarar wutar da ke tsakanin bolt 9 da bolt 5 zafi take mayar da ita, a cikin kwalin roba marar fanka da aka tsara don sanyin Ingila. A zafin bazararmu abin ya yi yawa. Akwai regileta na zamani masu ƙafa uku da ke shiga gurbinta daidai, irin TSR 1-2450 ta Traco, ba sa zafi.

Sauti ba ya cikin wannan waya, kuma dama can 48K ba ta taɓa aika sauti ta eriya ba; 'yar lasifikar cikinta ce ke kuka. Idan kana son ya fito ta talabijin, ɗauko shi daga ramin MIC da ƙaramin fulogi mai milimita 3.5 zuwa farin ramin AV. EAR ma yana bayarwa, har ya fi ƙarfi, amma shi ne ƙofar da za ka riƙa loda wasanni daga kaset ko waya. Rage ƙarar talabijin kafin gwajin farko.

Duk bayanin nan na 16K ne da 48K da Spectrum+ ta 1984, wadda fanel ɗinsu ɗaya, kwali ne kawai ya bambanta. Idan wata ta faɗo hannunka daga baya, kada ka ɗora mata shi. Spectrum 128 tana da zagayayyen soket mai ƙafa 8 a baya, da kwamfozit a ƙafa ta 1, waya kawai za ka haɗa. Amma +2A da +3 da Amstrad ya yi bayan ya sayi sunan Sinclair a 1986, soket ɗinsu kamarsa ɗaya da wancan, ƙafa ta 1 kuwa bolt 12 ce. Wayar 128 a kansu za ta aika wutar nan cikin talabijin ɗinka. ZX81 ta 1981, kwamfutar Sinclair da ta gabaci Spectrum, tana karɓar irin wannan gyara, sai dai ULA ɗinta ta farko ba ta barin ɗan filin baƙin da ke bin bugun layi, wanda talabijin ke auna baƙi da shi, don haka hoton kan fito da duhu ƙwarai sai an ƙara mata da'irar da ke ƙirƙiro shi. Commodore 64 kuwa ba ta bukatar a buɗe ta, da ramin AV ɗinta ta zo.

Wajen rufewa, tabbatar kafasitar ba ta tokare murfin gwangwanin ba, kuma babu ƙafar da ke taɓa shi daga ciki. Ɗan salatif a cikin murfin yana maganin wannan. Tura ledar maɓallai a miƙe, ka bar ta ta yi lanƙwasa mai faɗi, kada murfi ya danne ta. Faffaɗan bakin fanel da ke leƙowa ta baya kuma, kada ka taɓa soka masa komai ko ka zare alhali wuta na ciki, nan ne TR4 ta fi mutuwa. Sannan ka manna 'yar takarda kusa da ramin TV ka rubuta AV da ranar da ka yi aikin, don duk wanda ya karɓe ta bayanka kada ya ɓata yini yana neman tasha ta 36.